Yadda Mai Motsa Jiki Zai Sauke Ragowar Kitse Idan Sikeli Ya Ƙi Motsi

Mutum mai kilo 110 da bai saba motsa jiki ba, idan ya bar lemon kwalba ya fara tattaki da yamma, cikin wata guda zai iya sauke kilo 3 ko 4. Mai kilo 75 kuwa, wanda ya shekara da shekaru yana sassarfa bayan asuba yana ɗaga ƙarfe sau uku a mako, sai ya yi wata biyu yana fama da ɗan kitsen da ya rage masa a ƙasan cibiya, sikeli na nuna masa lamba ɗaya kullum. Yawanci a nan ne yake ƙara gudu, ya daina cin abincin dare, ya galabaita, ƙarshe ya haƙura. Hanyar da ta yi wa mai teɓa aiki ba za ta yi masa ba, domin lissafin jikinsa daban ne.

Abin da ya sa wuyar ta ƙaru

Ƙaramin jiki ɗan kuzari yake ƙonawa. A gudu, mutum yana ƙona kusan kalori ɗaya (ma'aunin kuzarin da ke cikin abinci da wanda jiki ke ƙonawa) ga kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 110 da ya yi kilomita 5 ya ƙona wajen kalori 550, mai kilo 75 kuma 375, hanya ɗaya, rana ɗaya. Haka abin yake a zaune da kwance, duk kilon da ya tafi ya tafi da nasa kason na abin da jiki ke ƙonawa.

Sai batun inda nauyin da ake saukewa yake fitowa. Wani likita Ba'amurke, Gilbert Forbes, ya nuna a 1987 cewa gwargwadon ƙarancin kitsen mutum, gwargwadon yawan abin da yake asara daga tsoka da sauran naman jiki idan ya rage ci. Bisa lissafinsa, mai kitse kilo 38 a jiki, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai na nauyin da ya sauke yake fitowa daga abin da ba kitse ba. Mai kitse kilo 11 kuwa, kusan rabi ne, idan bai ɗauki matakin kare tsokarsa ba. Rumbun da ya cika ana ɗiba da kwarya ba a ji, wanda ya kusa ƙasa kuwa dole maigida ya fara duba abin da zai sayar a cikin gida. Wannan shi ne babban haɗarin da ke kan mai jiki a murɗe: ya sauke kilo 4, biyu daga ciki tsokar da ya sha wuya kafin ya tara.

Jiki kuma yana ramawa. A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys ya gudanar da gwaji a Jami'ar Minnesota da samari 36 waɗanda ba masu ƙiba ba ne. Aka rage musu abinci kusan rabi har mako 24. Suka sauke kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, abin da jikinsu ke ƙonawa a hutu ya faɗi da wajen kashi 40 cikin 100. Wani ɓangare na faɗuwar saboda jikin ya ƙanƙance ne, wani ɓangaren kuma jikin ne da kansa ya rage wuta. Suka zama masu jin sanyi, masu kasala, ba su da zance sai na abinci. Kitse yana fitar da wani sinadari cikin jini mai suna laftin, wanda aka gano a 1994, aikinsa shi ne sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. Idan ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta ƙara yunwa ta rage kazar-kazar. Wanda kitsensa kaɗan ne tun farko, laftin ɗinsa a ƙasa yake, ɗan ragi kaɗan ya isa ya tayar da ƙararrawa. Wani nazari da Kevin Hall da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2016 ya ƙiyasta cewa kowane kilo da mutum ya sauke yana ƙara masa sha'awar cin kusan kalori 100 a rana, alhali abin da ƙonawa ke raguwa bai wuce 20 zuwa 30 ba. Wato yunwa ce babbar abokiyar gaba, ta fi raguwar ƙonawa sau uku ko fiye.

Ƙarin atisaye ma ba ya biya cif-cif. Herman Pontzer ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, mafarauta masu yini suna tafiya a daji, a 2012 ya bayar da rahoton cewa idan aka yi la'akari da girman jiki, kuzarin da suke ƙonawa a rana bai bambanta sosai da na mazauna biranen Amurka da Turai ba. A 2021 wani nazari kan mutum 1,754 ya gano cewa a matsakaici jiki yana mayar da kusan kashi 28 cikin 100 na abin da aka ƙona a motsi ta hanyar ragewa a wani wuri. Wanda ya riga ya saba gudu sau biyar a mako, ina zai ƙara na shida da na bakwai ba tare da gwiwa ta yi ƙara ba?

Mataki na farko: tabbatar akwai abin saukewa

Ɗauki tef ɗin tela, ka auna ƙugu daidai tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwatangwalo, bayan ka fitar da numfashi ba tare da tsuke ciki ba. Idan awon bai kai rabin tsawonka ba, misali tsawo santimita 175 ƙugu ƙasa da 87, to ta fuskar lafiya ba ka da matsalar kitsen ciki. Abin da kake nema daga nan na kyan gani ne ko na gasa, kuma ya kamata ka san haka kafin ka fara, don ka san iyakar wahalar da ta cancanta. Akwai kitsen da jiki ba ya rayuwa sai da shi, kusan kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ga namiji, 10 zuwa 13 ga mace, kuma tun kafin a kusanci wannan iyaka lafiya take fara taɓuwa.

Mai ciki, mai shayarwa, wanda bai kai shekara 18 ba, mai ciwon suga da ke shan magani ko allura, da mai ciwon ƙoda, kada su bi wannan tsari sai da likita.

Mataki na biyu: mako biyu na awo, kada ka canza komai

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi kowane muhimmanci. Mai teɓa zai iya kuskuren kalori 400 a lissafi ya ci gaba da ramewa, kai kuwa giɓin naka, wato ratar da ke tsakanin abin da kake ci da abin da kake ƙonawa a rana, gaba ɗaya bai wuce 400 ɗin ba.

Kowace safiya, bayan ka zaga bayi, kafin ka ci ko ka sha, hau sikeli ɗaya a wuri ɗaya mai dandaɓe, ka rubuta. A sayi ƙaramin ma'aunin kicin mai nuna giram, a auna duk abin da zai shiga baki, a rubuta. A 1992 an auna wasu mutane a New York da suka ce suna cin abinci kaɗan amma ba sa ramewa, sai aka tarar abin da suke faɗa ya gaza abin da suke ci da kashi 47 cikin 100, motsin da suke faɗa kuma ya zarce na gaskiya da kashi 51. Ba ƙarya suke yi da gangan ba, ido ne ba ya iya awo.

A abincinmu, mai ne ya fi ɓuya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne. Shinkafa da wake da mai da yaji, idan aka kwarara mai ba awo, cokali uku sun shiga ba a sani ba, kalori 360 ke nan kafin a lissafa shinkafar. Dafaffiyar shinkafa giram 100 kalori 130 ce, faranti guda kuwa yakan kai giram 400. Gyaɗa giram 100, abin da ake ƙararwa ana hira, ta haura kalori 560. Lemon kwalba mai santilita 50 ya kai 200. Ƙaramin cokalin sukari 16 ne, a ƙirga nawa ake zubawa a shayi da koko da zoɓo da fura. Idan tukunya ɗaya ake yi wa gida duka, a tambayi mai girki yawan man da ta zuba a miya, a raba da yawan masu ci, ya fi a yi ƙiyasi da ka.

Bayan kwana 14, idan matsakaicin nauyin makon farko da na biyu kusan ɗaya ne, matsakaicin abin da ka ci a rana shi ne abin da ke riƙe da nauyinka. Don gwada lissafin, akwai ƙa'idar Mifflin ta 1990 da ke ƙiyasta kalorin da jiki ke ƙonawa a rana yana hutawa: nauyi a kilo sau 10, a haɗa da tsawo a santimita sau 6.25, a cire shekaru sau 5, namiji ya ƙara 5, mace ta cire 161. Namiji ɗan shekara 30 mai kilo 75 da santimita 175 zai samu kusan 1,700 a hutu. A ninka da 1.55 ga mai atisaye sau uku zuwa biyar a mako, ya zama wajen 2,630. Idan rubutunka ya ce 1,800 kake ci kuma nauyi bai motsa ba, akwai abin da ba ya shiga littafi.

Kada ka dogara da lambar kalori ta agogon hannu. A 2017 Jami'ar Stanford ta gwada irin waɗannan na'urori guda bakwai: bugun zuciya suna kamawa da kyau, amma a lissafin kuzari wadda ta fi daidai ta kauce da kashi 27 cikin 100, mafi muni da 93.

Mataki na uku: ɗan giɓi

Nufi sauke kashi 0.5 zuwa 0.7 cikin 100 na nauyinka a mako. Ga mai kilo 75, giram 375 zuwa 525 ke nan. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kusan kalori 7,700, saboda haka giram 375 a mako yana buƙatar ragin wajen kalori 400 a rana. Mai 2,630 zai koma 2,230.

Za ka ji kamar ya yi kaɗan. A Norway, a 2011, an raba 'yan wasa 24 gida biyu, duka suna ɗaga ƙarfe sau huɗu a mako. Aka tsara wa rukuni ɗaya sauke kashi 0.7 a mako, ɗayan kashi 1.4. Masu tafiya a hankali suka fi sauke kitse, naman jikinsu ma ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 100, masu sauri kuwa bai ƙaru ba.

Cire kalori 400 ɗin daga mai da sukari tukuna: cokali biyu na mai 240, lemo ɗaya 200, an gama ba a taɓa tuwo ba. Kada a yanke hatsi gaba ɗaya, domin shi ne makamashin atisaye mai nauyi. A ajiye kaso mafi girma na tuwo ko shinkafa ko dankali kusa da lokacin atisaye, a cika sauran faranti da ganye: zogale, rama, alayyafo, kabeji, kuɓewa. Kwaɗon zogale abinci ne mai ƙosarwa, matuƙar an auna ƙuli-ƙuli da man da aka sa.

A lura da lissafin mako. Ragin 400 na kwana biyar 2,000 ne. Ranar Asabar a gidan biki, dafa-duka da soyayyen nama da lemo biyu da cincin sun iya ƙara 1,200 a kan na kullum, Lahadi a ƙara 500 a ziyara. Abin da ya rage na mako duka 300, giram 40 na kitse. Mutum ya yi kwana biyar yana haƙuri, ya ga ba sakamako, ya ce jikinsa ne ya lalace.

Mataki na huɗu: furotin

Furotin shi ne sinadarin abinci mai gina tsoka. Ci giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na nauyi a rana, ƙarancin kitsenka ya sa ka matsa kusa da lamba ta sama. Mai kilo 75 yana buƙatar giram 120 zuwa 165, a raba sau uku ko huɗu. Ƙwai uku giram 18. Dafaffen ƙirjin kaza marar fata giram 150 yana ba da wajen 45. Gasasshen kifi giram 150 ya haura 30. Kofin dafaffen wake 13, kofin nono kusan 9. An kusa 120 ke nan, hatsi zai cike ɗan abin da ya rage.

Gyaɗa tana ruɗin mutane a nan. Giram 100 nata na da furotin 26 amma da kalori sama da 560, kaza kuwa furotin 31 da kalori 165. Awara da ƙosai suna da furotin, sai dai suya tana shayar da su mai, gara alala ko awarar da aka dafa cikin miya. Tsire da balangu a zaɓi jan nama, a ce wa mai nama kada ya haɗa da kitse kada ya yayyafa mai. Busasshen kifi da wake su ne mafi sauƙin kuɗi.

Mataki na biyar: riƙe ƙarfe mai nauyi

Kuskuren da ya fi yawa a wuraren atisaye shi ne a rage nauyin ƙarfe a ƙara yawan ɗagawa, wai don a ƙona kitse. Nauyin ƙarfen ne yake shaida wa jiki cewa har yanzu ana buƙatar tsokar. Ci gaba da nauyin da ka saba a manyan ɗagawa: tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, ɗauko ƙarfe daga ƙasa, tura shi daga ƙirji a kwance, jawo jiki sama a sanda. Kowace gaɓa sau biyu a mako, ɗagawa 5 zuwa 12 a kowane zagaye. Idan gajiya ta taru, rage yawan zagaye da kashi ɗaya cikin uku, nauyin ya zauna yadda yake. Rubuta lambobin. Ƙarfin da ya faɗi mako biyu a jere a ɗagawa da dama alama ce giɓin ya yi yawa.

Gudu kuma a bar shi yadda yake. Zaman atisayen ciki ɗari ba ya narkar da kitsen cibiya, jiki ne yake zaɓar inda zai ɗiba, kuma ga maza da yawa ƙasan ciki ne na ƙarshe, ga mata cinya da kwatangwalo.

Mataki na shida: taku da barci

Mai rage ci yakan rage motsi ba da saninsa ba: ya hau babur zuwa inda ya saba takawa, ya aiki yaro, ya daɗe a kishingiɗe bayan atisaye. James Levine na asibitin Mayo ya nuna a 1999 cewa irin wannan ƙananan motsi na iya bambanta da ɗaruruwan kalori a rana tsakanin mutane. A nan wayarka ko agogonka na da amfani, domin ƙidayar taku sun fi iyawa. Duba matsakaicin takunka a makonni biyun awo, ka hana shi sauka.

Barci kuwa, wani gwaji na Jami'ar Chicago a 2010 ya isa misali. Mutum 10, abinci iri ɗaya da aka rage, kwana 14 da awa 8 da rabi a gado, wani kwana 14 da awa 5 da rabi. Nauyin da suka sauke kusan ɗaya ne, amma da isasshen barci kilo 1.4 na kitse ya tafi, da gajeren barci kilo 0.6 kawai, ragowar daga naman jiki. Mai tashi asuba ya fita gudu, ƙarfe goma na dare ta same shi a kwance, in ya samu ƙailula ya ƙara.

Mataki na bakwai: karanta sikeli da hankali

Jikin mai atisaye yana ajiye sitaci giram 400 zuwa 500 a tsoka da hanta, kowane giram yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Shi ya sa wanda ya yanke tuwo da shinkafa yake ganin kilo 2 sun tafi a makon farko, ya yi ta murna, alhali kallon kitse yake yi wa rogo. Ruwa ne, zai dawo da malmalar farko. Gishiri da dunƙulen miya, atisayen ƙafa mai tsanani, rashin fita bayan gida, da kwanakin gab da al'ada ga mata, kowanne na iya ɗora kilo ɗaya ko fiye a dare guda. Kai kuwa giram 400 kake nema a mako. Saboda haka lambar rana ɗaya ba ta da ma'ana. Haɗa na kwana bakwai ka raba da bakwai, ka kwatanta mako da mako. Mace ta kwatanta makon da makamancinsa na watan da ya wuce. Auna ƙugu sau ɗaya a mako: ƙugu na raguwa, ƙarfi na nan, sikeli na tsaye, to aiki na tafiya.

Sai matsakaici da ƙugu sun yi mako uku ba motsi za a ce an tsaya. A nan ma kada a fara da rage abinci. Koma ka auna komai na mako guda kamar farko, duba taku, duba barci. Idan duka daidai suke, rage kalori 100 zuwa 150, ko ka ƙara taku 2,000 a rana. Ɗaya daga ciki, ka jira mako biyu.

Rigar leda da gudu cikin zafin rana gumi kawai suke fitarwa, a watannin bazara kuma suna iya kai mutum ga suma. Shayin rage teɓa da yawa filasko ne a ciki ko maganin sa fitsari, abin da ke fita ruwa ne da gishirin jiki.

A watan azumi, a mayar da ɗaga ƙarfe bayan buɗa-baki, a raba furotin uku: shan ruwa, bayan asham, da sahur. Soye-soye da kunu mai sukari na shan ruwa kaɗai sun isa su cinye giɓin yini.

Mataki na takwas: hutu da tsayawa

Kada zangon ragi ya wuce mako 8 zuwa 12. A tsakiya, idan yunwa ta yi yawa, koma cin abin da ke riƙe nauyi na mako guda, ƙarin ya fito daga hatsi. Wani gwaji a Ostareliya a 2021 kan masu ɗaga ƙarfe ya nuna irin wannan hutu bai ƙara yawan kitsen da aka sauke ba, amma ya rage yunwa, wanda shi ne abin da ke kayar da mutane.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Idan abin da ya rage wa jiki bayan an cire na atisaye ya gaza kalori 30 ga kowane kilo na jikin da ba kitse ba, al'adar mace takan rikice, ƙashi ya fara rauni. Mace mai kilo 60 da kitse kashi 22 cikin 100 tana da kilo 47 marar kitse, iyakarta kusan 1,400. Idan tana ƙona 400 a atisaye, kada cinta ya sauka ƙasa da 1,800. Kwamitin Olamfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin wannan matsala a 2014 ya haɗa da maza. Ɗaukewar al'ada, mutuwar sha'awa, jin sanyi ana zafi, zubar gashi, farkawa tsakar dare da yunwa, yawan mura, ciwon ƙashin ƙafa da ba a bugu ba, ko tunanin abinci da ya hana aiki: duk wanda ya bayyana, a dakatar da ragi a ranar. Al'adar da ta ɗauke wata uku kuma sai an ga likita.

Idan an kai inda ake so, a mayar da kalori 300 zuwa 400 cikin mako ɗaya ko biyu. Sabon abin da zai riƙe nauyinka zai gaza na da da wajen kalori 25 ga kowane kilo da ka sauke, wanda ya sauke kilo 4 ya cire 100 daga tsohon lissafinsa. Sikeli zai hau da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a kwanakin farko saboda sitaci da ruwa sun koma tsoka. A ci gaba da hawa sikeli sau uku a mako har wata biyu, domin yunwar da ragi ya tayar takan daɗe bayan an koma cin abinci sosai.